Feralis: Haƙƙin Matattu a Wurin Rumawan Farko

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, jama'a masu sauraro, na gida da na kasuwa, da waɗanda suka taru a zaure ko a gindin bishiya suka kewaye akwatin rediyo. Barkanmu da sake saduwa a cikin wannan fili namu na faɗakarwa, inda mukan ɗauko labarin al'ummomin da suka shuɗe, mu duba yadda suka yi zamansu na duniya. Yau za mu ƙetare Bahar Rum mu sauka ƙasar Italiya, mu koma baya shekaru fiye da 2,000, zuwa lokacin da birnin Rum yake juya akalar ƙasashe tun daga Andalus har zuwa Sham. Abin da zai yi mana jagora kuwa kalma ce guda ta Latin, harshen Rumawan farko, irin wadda malaman nahawu suke kira sifa, watau feralis. Duk abin da ya shafi mamaci, ko jana'iza, ko kushewa, da wannan sifa suke siffanta shi, kuma daga jikinta aka sami sunan wani idi nasu, Feraliya, wanda suke yi ran 21 ga Fabrairu kowace shekara.

Tun da wuri ya kamata mu bambance wani abu, don kada almajirai su rikice. Rumawan da aka ambata a Suratur Rum, waɗanda suka gwabza da Farisa a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Nasara ne, magadan ɓangaren gabas na wannan daula, masu fada a Ƙusɗanɗiniyya. Waɗanda muke magana a kansu yau kuwa magabatansu ne a sarauta, mutanen jahiliyya masu bautar gumaka barkatai, waɗanda aƙidarsu ta yi hannun riga da tamu. Ba yabon ibadarsu ya kawo mu ba. Amma wanda ya natsu ya karanta yadda suka ɗauki matattunsu zai tarar da wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa, watau a wurinsu mamaci ɗan dangi ne da ke bin rayayyu bashi, bashin kuwa an ƙayyade masa lokaci, an kuma sauƙaƙa shi yadda ko matalauci ba zai ce ya fi ƙarfinsa ba.

Shekarar Rumawa ta asali da watan Maris take farawa, shi ya sa har yau sunayen Satumba da Oktoba da Nuwamba da Disamba ke ɗauke da ƙidayar bakwai zuwa goma, alhali a lissafinmu su ne na tara zuwa na goma sha biyu. Riwayarsu ta ce sarkinsu na biyu, Numa, shi ya ƙara Janairu da Fabrairu, kuma Fabrairun nan, kasancewarsa wutsiyar shekara kafin bazararsu ta shigo, sai suka keɓe shi domin tsarkakewa da biyan abin da ake bin su. Daga tsakar ranar 13 ga watan har zuwa ran 21, kwana tara ke nan, su ne kwanakin da suke kira Parentaliya, watau kwanakin iyaye da kakanni. Da zarar sun kama, sai a rufe ƙofofin ɗakunan bauta, a daina hura wuta a kan bagadai, a dakatar da ɗaurin aure, mahukunta kuma su tuɓe rigarsu mai jan baki wadda ke nuna muƙaminsu, su fito cikin tufafin talakawa kamar kowa. Ɗaya daga cikin budurwowin nan shida masu tsaron wutar gunkiyarsu Besta, wadda ba a bari ta mutu, ita ke buɗe kwanakin da hadaya a madadin birni duka. Daga nan sai al'amari ya koma hannun gidaje, kowa ya nufi inda nasa suke kwance.

Galibin abin da ya iso gare mu na bayanin waɗannan kwanaki daga alƙalamin wani sha'iri ne, Obid, wanda aka haifa a shekara ta 43 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya kuma ɗauri aniyar wallafa littafi mai suna Fasti domin ya bi watannin shekara ɗaya bayan ɗaya yana bayyana idin kowace rana da dalilinsa. Watanni shida kaɗai muke da su, daga Janairu zuwa Yuni, domin a shekara ta 8 Miladiyya Sarki Agustus ya kore shi zuwa wani gari mai suna Tomis a gaɓar Bahar Aswad, cikin ƙasar Romaniya ta yau, kuma can ajali ya cim masa. Mun yi sa'a da Fabrairu yana cikin abin da ya tsira.

To, mene ne ake kai wa matattun? A nan ne mai sauraro zai yi mamaki, idan ya tuna da dukiyar da ta kwarara cikin Rum daga ganimar Kartaj da Yunan da Masar. Abin da Obid ya lissafa bai wuce fallen yumɓun rufin ɗaki da aka ɗora wa kewayen ganye ba, da ɗan barbaɗin hatsi, da 'yan ƙwayoyin gishiri, da gurasa da aka jiƙa cikin ruwan inabi, da waɗansu 'yan furanni masu launin shuni da ake warwatsawa. A zuba waɗannan a kan tsingaro, a ajiye a bisa hanya, a yi 'yan kalmomin roƙo, shi ke nan an sauke nauyi. Ba a hana mai hali ya ƙara ba, amma ma'anar zancen sha'irin ita ce matattu ba su da kwaɗayi, tunawa da su ta fi musu kyauta mai tsada. Ni a nawa ganin, cikin dukan abin da aka rubuta game da addinin Rumawa, wanda yawancinsa ƙa'idodi ne busassu kamar yarjejeniyar ciniki tsakanin mutum da gunki, babu wurin da zuciyar ɗan Adam ta bayyana sarai kamar wannan tsingaro da gishirinsa.

Dalilin ambaton hanya kuwa yana cikin dokarsu. A wajajen shekara ta 450 kafin Miladiyya aka rubuta musu kundin shari'a na farko a kan alluna goma sha biyu, kuma allo na goma ya haramta binne gawa ko ƙona ta a cikin birni. Saboda haka maƙabartun Rum suka jeru a gefen manyan hanyoyin da ke fita daga ƙofofin gari, musamman hanyar Apiya, wadda aka fara shimfiɗawa a shekara ta 312 kafin Miladiyya, inda har gobe matafiyi zai ga hasumiyar kushewar wata mace mai suna Sisiliya Metella tana tsaye. Duk baƙon da zai shiga Rum, sai ya fara ratsa unguwar matattu kafin ya kai ta rayayyu, yana karanta sunayensu da shekarunsu a kan duwatsu, galibi a ƙarƙashin haruffa biyu, D da M, waɗanda ke nufin an keɓe wurin ga rayukan da suka riga mu. A waɗansu kusheyi har bututu ake kafawa daga sama ya isa inda tokar mamaci take, don a riƙa zuba masa rabonsa na abin sha a ranar ziyara, 'yan uwa kuma su zauna a gefen kabarin su ci nasu. Wannan allo na goma bai tsaya nan ba: ya hana a sassaƙe itacen ƙona gawa da gatari don ado, ya taƙaita masu busa sarewa kada su wuce goma, ya hana mata yage kumatunsu da kururuwar makoki, ya kuma hana a binne zinariya tare da mamaci sai fa wadda aka ɗaure masa haƙora da ita. Malamanmu da ke wa'azi a kan haramcin niyaha da almubazzaranci wajen mutuwa za su ga cewa ko hankalin mahukuntan jahiliyya ya taɓa hango ɓarnar waɗannan abubuwa.

Akwai kuma tsoro a ƙarƙashin wannan ladabi, ba za mu ɓoye ba. Obid ya ruwaito cewa an taɓa yin wani zamani da yaƙe-yaƙe suka shagaltar da mutanen birni har suka yi sakaci da kwanakin iyaye, sai mace-mace suka yawaita har hayaƙin ƙona gawawwaki ya kewaye gari, aka kuma ce kakanni sun fito daga kusheyinsu da dare suna koke-koke a tituna da gonaki, kuma abin bai lafa ba sai da aka koma ga al'ada. Tatsuniya ce, shi kansa sha'irin ya nuna yana jin nauyin gaskata ta. Amma tana bayyana yadda suka fahimci lamarin, cewa haƙƙi ne, kuma mai haƙƙi idan an danne masa yakan biyo sawu.

Ranar ƙarshe ta kwanakin nan tara ita ce Feraliya, kuma ita ce aka rubuta da manyan haruffa a tsofaffin kalandojin da aka sassaƙa a jikin bango, alamar idi ne na hukuma mai daɗaɗɗen asali. Babban malaminsu na lugga, Barro, wanda ya rayu daga shekara ta 116 zuwa ta 27 kafin Miladiyya, ya ce sunan ya fito ne daga kalmarsu ta mazauna ƙarƙashin ƙasa haɗe da aikatau ferre, watau ɗauka ko kaiwa, tun da a ranar ake kai abinci kabari. Obid ma ga wannan kaiwar ya jingina shi. Malaman lugga na baya sun yi musu raddi da cewa wasalin farko na feralis dogo ne, na ferre kuwa gajere, don haka da wuya su kasance tsatso ɗaya. Ko da ishtiƙaƙin bai inganta ba, ya nuna mana abin da Barumen wancan zamani yake ji idan an ambaci kalmar: mutum riƙe da ɗan abu a hannu, ya doshi bayan gari.

A ranar ce kuma Obid ya kwatanta wani aikin tsubbu da wata tsohuwa ke yi a tsakiyar 'yan mata, da sunan wata gunkiya da suke kira Tasita, ma'ana mai shiru. Takan ɗauki gutsuren lubban uku da yatsu uku ta cusa ƙarƙashin dokin ƙofa wajen ramin ɓera, ta riƙa juya ƙwayar baƙin wake bakwai a bakinta, sa'an nan ta ɗauko kan wani ɗan kifi, ta liƙe shi da ƙaro, ta soke shi da allurar tagulla ta ɗinke bakin, ta gasa a wuta tana ɗiga masa giya, abin da ya ragu kuwa su shanye, ita ta fi kowa sha. Manufar ita ce ɗaure bakin maƙiya da masu gulma. Wannan dai sihiri ne tsagwaronsa, mun kawo shi ne don a ga cewa a rana guda, a birni guda, akan sami mai ziyarar mahaifinsa da zuciya ɗaya, a kuma sami mai neman cin moriyar duhun ranar.

Kashegari, ran 22 ga Fabrairu, sai a yi abin da na fi so mai sauraro ya riƙe. Ranar Karistiya ke nan, ranar dangi abin ƙauna. Waɗanda jiya suka tsaya tare a kan kabarin kaka, yau sai su taru a gida ɗaya, kowa ya zo da abin da ya sawwaƙa na abinci, ba a gayyatar kowa sai 'yan uwa na jini da surukai. Wani marubuci, Baleriyus Maksimus, ya bayyana cewa magabata sun kafa wannan walima ne domin in akwai wata husuma tsakanin dangi a kashe ta a kan akushi. Duba hikimar jerin kwanakin: ba a ce wa ɗan uwa ya yafe wa ɗan uwansa ba sai da aka fara kai su duka biyu gaban kushewar wanda ya haife su, suka ƙirga waɗanda suka tafi, sa'an nan aka zaunar da su su ƙirga waɗanda suka saura. Zuciyar da ta kwana da tunanin mutuwa ta fi saurin sakin gaba a kan gado ko iyakar gona.

Jana'izar kanta kuwa, ta manya daban, ta talakawa daban. Wani masanin tarihi Bayunane, Polibiyus, wanda ya zauna a Rum a ƙarni na biyu kafin Miladiyya, ya ga ta manya da idonsa, ta kuma girgiza shi. Kowane babban gida yana ajiye da siffar fuskokin kakanninsa da suka riƙe muƙami, waɗanda aka yi da kakin zuma, cikin akwatunan katako a zauren gida. Ran da wani babba ya mutu, sai a nemo mutanen da suka yi kama da kakannin nan a tsawo da tafiya, a sa musu fuskokin da tufafin muƙaminsu, su hau karusai su raka gawa zuwa dandalin birni, su zauna a jere bisa kujerun hauren giwa, ɗan mamacin kuma ya hau mumbari ya zayyana ayyukan ubansa, sa'an nan ya bi kakannin ɗaya bayan ɗaya tun daga na farko. Polibiyus ya ce da wannan ake cusa wa samari ƙishin yin abin da za a tuna su da shi. Sai dai daga irin wannan alfahari ne kuma wata mummunar al'ada ta tsiro, domin a shekara ta 264 kafin Miladiyya 'ya'yan wani mai suna Yuniyus Burutus Pera suka sa mutum shida, biyu-biyu, suka yi faɗan takobi a kasuwar shanu don girmama gawar ubansu, kuma a Rum wannan ne farkon wasan zubar da jinin da daga baya aka gina wa manyan filayen kallo.

Talaka fa, da bawa, da baƙon da ba shi da kowa? Da farko ramuka ne kawai a tudun Eskwilin, bayan ganuwa, inda ake jefa gawawwakinsu. Tsoron wannan wulaƙanci ya sa ƙananan mutane suka riƙa kafa ƙungiyoyin jana'iza, wani abu mai kama da adashin da muka sani, sai dai shi kwasarsa ran mutuwa ce. An tono dokokin ɗaya daga cikinsu a rubuce kan dutse a garin Lanubiyum, kudu maso gabas da Rum, masu tarihin shekara ta 136 Miladiyya. Mai son shiga zai biya kuɗinsu sistar 100 da tulun giya mai kyau, sa'an nan kowane wata ya ba da ƙananan tagulla biyar, watau sistar ɗaya da kwata. In ya mutu, ƙungiya ta fitar da sistar 300, kwatankwacin albashin soja na wata uku a wancan lokaci, a ware 50 daga ciki a raba wa waɗanda suka raka gawa da ƙafa. Wanda ya yi wata shida bai zuba ba, ya rasa haƙƙinsa. In ajali ya riski ɗan ƙungiya a nesa da gari fiye da mil 20, akan tashi mutum uku su je su yi masa sutura, su dawo su ba da lissafi. Amma sharaɗin da ya fi taɓa ni shi ne na bayi: idan bawa ɗan ƙungiya ya mutu, ubangidansa ya yi zalunci ya hana gawar, to, 'yan uwansa za su yi masa jana'iza a kan siffarsa, ba tare da gawa ba. Mutumin da doka ta ƙidaya cikin kayan gida, wanda bai mallaki ko jikinsa ba, ga shi yana tsimin 'yan tagulla kowane wata don kada ya bar duniya ba wanda ya kira sunansa.

Sannu a hankali sifar feralis ta faɗaɗa a bakin mawallafa, ta tashi daga abin da ake yi wa mamaci ta koma kan duk abin da ke jawo mutuwa ko yake shelarta. Birjil, babban sha'irinsu, ya siffanta itacen da Larabawa ke kira sarwu da ita, domin reshensa ake kafawa a ƙofar gidan da aka yi rashi, ya kuma siffanta kukan mujiya da ita. Tasitus, mai tarihi, a littafinsa kan ƙabilun Jamus na shekara ta 98 Miladiyya, ya yi amfani da ita ga rundunar wata ƙabila mai suna Hari, waɗanda ke baƙanta garkuwoyinsu da jikinsu su kawo hari a dare mai duhu, har abokan gaba su ɗauka mayaƙan lahira ne. Shi ne kuma ya ba mu labarin shekara ta 27 Miladiyya, zamanin Sarki Tibariyus, lokacin da wani 'yantaccen bawa mai suna Atiliyus ya gina filin kallo na katako a Fidena, kusa da Rum, don neman riba, bai kafa harsashi a ƙasa mai ƙarfi ba, bai kuma ɗaure katakan yadda ya kamata ba. Jama'a suka yi dafifi, maza da mata da yara, ginin ya rufta da su, kuma a ƙidayar Tasitus mutum 50,000 ne suka mutu ko suka naƙasa. Ba a gama makoki ba sai gobara ta cinye unguwar tudun Keliyus, mutane suka riƙa kiran shekarar da wannan sifa, shekarar mutuwa. Majalisar dattawa ta kori Atiliyus daga ƙasa, ta kuma kafa doka cewa ba mai sake shirya irin wannan wasa sai wanda dukiyarsa ta kai sistar 400,000, ba kuma mai gina filin kallo sai an gwada ƙarfin ƙasar wurin.

Al'adar kai abinci kabari ta fi gumakan da aka fara ta a zamaninsu tsawon rai, har ma ta ƙetaro zuwa nahiyarmu, tun da arewacin Afirka lardin Rum ne ƙarnoni da dama. Malamin Nasara Agustin, haifaffen Tagaste, garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yau, ya ba da labarin mahaifiyarsa Monika, wadda ta bi shi Milan a shekara ta 385. Ta ɗauki kwandonta da fate da gurasa da ruwan inabi ta nufi kusheyin waliyyansu, kamar yadda ta saba a Afirka, sai mai tsaron ƙofa ya tare ta, ya ce limamin birnin, Ambrus, ya hana, saboda mashaya na fakewa da abin, kuma ya yi kama ƙwarai da Parentaliyar arna. Ta karɓi hanin ba gardama, ta mai da abin da take kaiwa sadaka ga mabukata. Amma ba kowa ne ya yi saurin sallamawa irin nata ba, domin a shekara ta 567, kusan shekara 90 bayan faɗuwar daular Rum ta yamma, majalisar malaman coci da ta zauna a birnin Tur na ƙasar Faransa tana nan tana tsawata wa mutanen da ke kai wa matattu abinci ran 22 ga Fabrairu bayan sun fito daga ibada.

Lokaci ya cim mana, jama'a. Akwai waɗansu kwanaki uku a watan Mayu, 9 da 11 da 13, da ake kira Lemuriya, waɗanda maigida ke tashi da tsakar dare ba takalmi, yana jefa baƙin wake ta bayansa yana kaɗa tagulla, domin ya sallami fatalwowin da ba su da mai ziyartarsu. Su za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.